Kashi Uku Cikin Ɗari

Sutudiyon Auta yana hawa na huɗu a wani gini marar lifta, kuma daga ƙofar titi zuwa ƙofarta matakala sittin da biyu ne. Mahaifinta ne ya ƙirga su. Shekara shida yana hawansu duk Talata da Alhamis, jitar bes rataye a bayansa cikin baƙar jaka, ya iso yana haki, ya zube a kujerar da ke gindin taga, ya ce wanda ya gina gidan nan bai taɓa ɗaukar kaya a rayuwarsa ba.

Kiɗan rawa take haɗawa, irin na kwamfuta, wanda ganga ke dukan huɗu-huɗu ba gajiya har masu rawa su gaji su watse. Ganga da tafi da duk ƙyale-ƙyalen da ke sama, na'ura ce ke yin su. Abu ɗaya ne ba na na'ura ba, shi ne bes, kakkauran sautin nan na ƙasa da mutum ke ji a ƙirji kafin ya iso kunne. Wannan hannun mahaifinta ne. Shi ya raba ta da sauran masu sana'ar, kuma ta san haka, don mawaƙa kan hau matakalan nan takanas su ce a sa musu irin na tsohon nan. Tun yana kiɗa a otal-otal abokan aikinsa suka sa masa Gurnani, sunan ya bi shi har gida. Shi kuma in yana son tsokanarta sai ya ce mata Injiniya.

Yana da halaye biyu na aiki da ba a taɓa masa su. Bai yarda da ɗan injin nan mai nuna wa makaɗi ko tsirkiya ta ɗauru daidai ba. Sau biyu tana sayo masa, sau biyu yana kyautarwa. Sai dai a sa masa waƙar, ya karkata kai, ya dinga murɗa kunnuwan jitar ɗaya bayan ɗaya har tsirkiyoyin huɗu su zauna a kan muryar abin da yake ji. Sannan ba ya sauka tare da ganga. Yakan bari ta sauka, shi ya biyo ta da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ya ce ganga yayarsa ce, ba ya riga ta shiga ɗaki.

A farkon shekara ta bakwai ya faɗi a banɗaki. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce amma 'yar ƙarama, ƙafar hagu ta taɓa, hannaye da harshe sun tsira. Da za a sallame su ya ja Auta gefe a barandar asibiti, ya ce kada ta yi mamaki in ta ga wasu abubuwa suna sauyawa a hankali, ko ji, ko saurin yatsu, ko lissafin lokaci. Bai ce za su sauya ba. Amma ta tafi gida da maganar, ta ajiye ta kusa.

Matakala sittin da biyu sun fi ƙarfin mai dogara sanda. Saboda haka ta kai masa aikin gida, inda yake zaune da ƙanwarsa, Gwaggo, tun rasuwar mahaifiyar Auta. Ta ture teburin guga zuwa kusurwar ɗakinsa, ta ɗora ƙaramar rakoda mai kati, da hedifon, da tsohon injin faifanta na lokacin da take dije, mai sa wa masu rawa faifai a gidajen rawa, wanda gilashin fuskarsa ya tsage har ba a ganin lamba, jikinsa kuma duk salatif. Tsohon ya ƙi sauraron waƙa a waya, ya ce sautin kamar sauro a kwalba. Tsarin ba wuya. Ranar Talata ta kawo masa waƙa a faifai, babu bes a ciki. Ya sa ta a injin, ya saita jitarsa a kanta, ya kaɗa, rakoda ta ɗauki bes ɗin shi kaɗai. Ranar Alhamis ta zo ta karɓi kati. Da yake bayansa ba ya jure dogon zama, gutsi-gutsi yake yi, bugu sittin da huɗu ya huta.

Da hantsi ta buɗe fayil na farko. Ta ja shi ta ɗora sautinsa na fari a kan bugun ganga na fari, ta danna. Tun daga farko wani abu ke cizon kunne: bes ɗin ya ɗan hau saman muryar waƙar, bai kai mataki guda ba, amma ya isa ya sa mutum ya yamutsa fuska. Daga nan ya fara yin gaba. A bugu na talatin ya riga ganga da kusan bugu ɗaya, kafin ƙarshen guntun ya riga ta da kusan biyu. Mutumin da bai taɓa riga ganga shiga ɗaki ba, ga shi ya bar ta a baya yana gudu.

Ta saurara sau uku. Ta cire hedifon ta ajiye, ta tsaya a taga tana kallon masu facin taya a ƙasa har suka sallami mota guda. Maganar likita tana nan inda ta ajiye ta. Ba ta nemi wani dalili ba.

Irin wannan gyaran aikinta ne, ta yi wa mutane bila adadin, wasu ma ba su san an yi musu ba. A allon kwamfuta lokaci layuka ne a tsaye, murya kuma matakai ne a kwance, kowane sauti ɗan dunƙule ne da ya kamata ya zauna inda layi ya haɗu da mataki. Ta yayyanka kiɗan mahaifinta sauti-sauti, ta ja kowanne baya zuwa layinsa. Manhajar gyaran murya takan tura kowane sauti zuwa matakin da ya fi kusa da shi, to nasa duk a tsakiyar matakai biyu suka faɗa, sai ta rikice, ta cilla wasu sama wasu ƙasa. Da Auta ta dubi allon sai ta ga kurakurai a warwatse ko'ina, kamar na mutumin da kunnensa ke lalube. Ta bi su ɗaya-ɗaya da hannu. Inda yanka ya bar ƙara ta shafe bakin wurin. Guntun da bai wuce rabin minti ba ya ci mata awa uku. Ainihin fayil ɗin kuwa ta jefa shi a wata jaka da ta sa wa suna ɗanye, don a sana'ar ba a goge asali.

Ranar Talata tana shiga ya ɗago kai daga kan kujera.

"To, Injiniya, bes ya zauna?"

"Ya zauna, Baba."

Ya ce ai ya sani, ƙafa ce ta tafi hutu, ba kunne ba. Gwaggo ta leƙo daga kicin ta ce Yaya dai a rage cika baki, mutum da ƙyar yake kai kansa banɗaki amma baki kamar an dasa masa lasifika. Ya ce ita da ko tafi ba ta iya yi a kan lokaci tun suna yara, me ta sani. Suka yi dariya su uku. Ta Auta ta fi ta kowa tsawo.

Haka aka yi wata bakwai, fayil arba'in da ɗaya, waƙa biyar. Ba ta taɓa zama ta ga yana kaɗawa ba, tana ajiye faifai take neman uzurin tafiya, don ba ta yarda da fuskarta ba. Duk sanda ya ce ta kawo masa waƙar da aka gama ya ji, sai ta ce ana kan haɗawa. Hannunta ya faɗa da aikin, awa uku ta koma ɗaya. Ta daina sauraron fayil daga farko zuwa ƙarshe, tana buɗewa take hau yanka. Kuma da yake ɗora sauti a kan layi cif ya fi sauri, a kan layi cif take ɗorawa.

Ba wai bai yi magana ba. Wata rana ya nuna mata kan yatsunsa, ya ce tsirkiyoyin sun yi masa tauri kwanan nan, kamar ana ja da shi. Wata rana siririyar tsirkiyar ta tsinke masa, wadda ta shekara tara a jikin jitar. Sau biyu ko uku ya tambaye ta wa ke biyo 'yan zamani a guje, ya ce waƙoƙinta sun fara sauri. Duk ta ji. A ranta ta ce yatsu sun raunana, hannu ya daina sanin ƙarfinsa, kai ya daina bin lokaci. Kowace magana tasa ta sami gurbi a jerin da likita ya ba ta. Ta sayo masa sabuwar tsirkiya da man shafawa.

Waƙa ta huɗu ta karɓu. Wata Asabar da rana gidan rediyo ya sa ta, Gwaggo ta ƙure murya daga kicin tana kiran Yaya ya zo ya ji kansa. Daga baya ta ba Auta labari cewa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa dogare da sanda, ya saurara har ƙarshe ko kai bai gyaɗa ba, sannan ya tambaya ko akwai ruwan zafi a gidan.

Ranar Talata bai karɓi faifai ba. Ya ce ranar Alhamis ta zo da kwamfutarta. Ta zo da ita. Ya sa ta jawo kujera kusa da shi, ya ce wa Gwaggo ta ja musu ƙofa.

"Wanda ya kaɗa bes ɗin nan na rediyo, sautina ne a hannunsa, amma ba ni ba ne," ya ce. "A kan ganga yake faɗawa cif, kamar soja. Sa mini abin da na ba ki."

Ta ce fayilolin suna sutudiyo. Ya ce shekara shida yana ganin ta da abin nan a hammata, ya san komai nata yana ciki. Ta buɗe jakar ɗanye, ta ɗora guntu ɗaya a kan waƙarsa, ta ƙara sauti. Ya karkata kai yadda ya saba. Kafin bugu na talatin kan ya miƙe. Ya ce ta sa wani. Ta sa. Ya ce wani. A na huɗu ya ɗaga hannu, ta tsayar.

"Tun yaushe?"

"Tun na farko, Baba."

"Ni kuma a kunnena daidai nake ji."

Ba da ita yake ba, don ƙasa yake kallo. Ta shiga yi masa bayani cewa abu ne ƙarami, kowa ana gyara masa, har yaran da ke da ƙarfin hannu. Ya ce ya san ana gyara wa kowa, ya zauna a kujerar taga ya ga ana yi. Ya tambaye ta kowane guntu awa nawa yake ci mata. Ta faɗa. Ya ce ashe wata bakwai tana bin bayansa da tsintsiya kamar yaro mai koyon cin abinci da hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya gode, Allah ya yi mata albarka. Da faɗa ya yi da ta fi sanin inda za ta sa kanta.

Mako na zagayowa Gwaggo ta hau matakalan nan da kwali a kai, tana tsine wa mai ginin a kowane hawa. Rakoda ce a ciki, da hedifon, da injin faifan. Ta ce Yaya ya ce a ba mai amfani da su. Jitar kuma ya sa ta ɗora masa ita a kan kabad. Ta sha ruwa, ta dubi Auta daga sama har ƙasa, ta tambaye ta me ta yi wa yayanta. Auta ta ce gaskiya ta gaya masa. Gwaggo ta ce to gaskiyar nan ta zaunar da shi gaban talabijin tun safe, kuma a kashe yake sa sautin, hoto kawai yake kallo.

Wata huɗu suka wuce. Ta ci gaba da zuwa Talata da Alhamis, ta kai masa magani, su yi hirar ƙafa da ta maƙwabta, ba wanda ke ambaton kiɗa. A sutudiyo ta koma bes na na'ura kamar kowa. Wata mawaƙiya ta tambaya ina tsohon nan, Auta ta ce yana hutawa. Kwalin yana ƙarƙashin tebur, tana ture shi da ƙafa duk sanda za ta zauna.

Mawaƙiyar nan ce ta kawo wata tsohuwar waƙarta a faifai, tana so a sabunta ta. Bakin faifan kwamfutar Auta ya daina aiki, sai ta jawo kwalin ta fito da tsohon injin, ta jona shi da lasifika. Akwai faifai a cikinsa, waƙa ta biyar, ta ƙarshe da mahaifinta ya yi wa aiki. Don ta gwada ko injin na da rai sai ta danna. Waƙar ta tashi, hannunta ya kai kan piyano da kansa, ya taɓa sautin da waƙar ke zaune a kai. Suka ƙi haɗuwa. Ta sake taɓawa. Ita ta rubuta waƙar, ta san muryarta kamar lambar wayarta, amma abin da ke fitowa daga lasifika yana saman piyano da rabin mataki. Ta dubi agogo ta ƙirga bugu na minti guda. Tun asali a kan bugu ɗari da ashirin da huɗu ta haɗa waƙar. Ta ƙirga kusan ɗari da ashirin da takwas.

A gefen dama na irin wannan injin akwai ɗan maɓalli da dije ke zamarwa sama ko ƙasa don ƙara wa faifai gudu ko rage masa. In gudu ya ƙaru, murya ma takan hau tare da shi. Maɓallin ba ya tsakiya. Yana can gefe kaɗan, an danne shi da salatif baƙi wanda ya tsufa har ya saje da jikin injin. Ita ta manna shi, shekara tara da suka wuce. A gidajen rawa ta lura mutane sun fi tashi in ta ƙara wa kowane faifai kashi uku cikin ɗari, maɓallin kuma ya yi sako-sako yana zamewa, sai ta ɗaure shi a nan ta manta.

Ta ce wa mawaƙiyar ta dawo gobe. Ta buɗe jakar ɗanye, ta ɗauko fayil na farko. Ba ta yanka ko'ina ba. Ta rage masa gudu gaba ɗaya da kashi uku cikin ɗari, yadda ake rage wa faifai, ta ɗora shi a kan waƙarsa. Kowane sauti ya sauka a kan matakinsa. Kowane sauti ya bar ganga ta shiga, sannan ya biyo ta da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, daga bugu na farko har na sittin da huɗu. Ya saita jitarsa a kan abin da aka ba shi ya ji, ya bi gudun da aka ba shi, bai kauce ba. Ta yi na biyu, ta yi na uku, ta bi su duka arba'in da ɗaya. Babu wanda ya nemi a taɓa shi, sai na ashirin da shida, inda kiɗa ya yanke a tsakiya, aka ji ƙarar tsinkewar tsirkiya, aka ji muryarsa nesa da rakoda yana ce wa jitar haba tsohuwa, me na yi miki. Wannan ta taɓa yanke shi ta jefar ba tare da ta saurara ba.

Ba ta jira Alhamis ba. Da la'asar ta isa gidan, injin da rakoda a hannu ɗaya, kwamfuta a ɗaya. Yana gaban talabijin, wasu mutane na ta motsa baki ba sauti. Ta durƙusa gabansa ta ajiye injin a kan tabarmar ƙafa, ta nuna masa maɓallin da salatif ɗin, ta yi bayani dalla-dalla kamar mai ba da shaida: gudun waƙa, gudun injin, rabin mataki, taurin tsirkiya, duk abin da ya faɗa a lokacin ba ta ji ba. Ta ce laifinta ne daga farko har ƙarshe. Sannan ta sa masa fayil na farko, wanda ta rage wa gudu.

Ya karkata kai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ta sake sawa. A karo na biyu yatsunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa. Da ya ƙare ya yi murmushi.

"Wannan karon kin gyara shi da kyau. Har ɗan jinkirin kin sa."

"Ban taɓa shi ba, Baba. Gudu kawai na rage."

"Sau arba'in da ɗaya kika ce mini ya zauna, Auta. Da wannan fuskar."

Ta sake nuna masa salatif. Ya ce salatif ai kowa na iya mannawa. Ta buɗe allo ta nuna masa babu yanka ko ɗaya a jikin fayil ɗin. Ya ce shi bai iya karanta allo ba, abin da ya sani shi ne ya zauna a kujerar taga ya ga ta mayar da masu muryar kwaɗi mawaƙa, ba abin da na'urarta ba za ta iya ba. Babu fushi a maganarsa. Ya ce ita 'ya ce ta gari, ya san ta gan shi a zaune ne abin ya dame ta, amma ta bar wahalar da kanta, shi ya riga ya sa wa ransa ruwan sanyi.

Gwaggo, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da ludayi tun farkon maganar, ta ce ita ba ta san kashi uku ba, ba ta san kashi goma ba, amma jita tana kan kabad, inji yana ƙasa, mai kaɗawa yana zaune, me ake jayayya a kai. Kafin ya hana ta ta jawo kujera ta hau, ta sauko da baƙar jakar, ta kaɗe ta da gefen zaninta, ta ɗora masa a cinya. Ta ce in ya isa ya nuna musu, shi da ya ce ba ta iya tafi ba.

Auta ta ɓare salatif ɗin, ta mayar da maɓallin tsakiya, ta riƙe shi da yatsa don kada ya zame. Ta jona jitar da ƙaramar lasifikarsa, ta sa waƙar.

Ya daɗe yana saitawa. Ya murɗa kunne ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Abin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu ya ci waƙar gaba ɗaya, sai da ta mayar da ita farko. Kuma bayan kowace tsirkiya sai ya ɗago ido ya dubi fuskarta. Bai taɓa yin haka ba. A ta huɗu ya tambaye ta a hankali ko ta yi. Ta ce ta yi, kuma ta yi ɗin.

Ganga ta shiga. Ya bari ta wuce da yawa, don yana sauraron kansa. Ya gane ya makara, ya yi sauri ya kamo ta, ya wuce ta. Wata huɗu sun cinye kantar da ke kan yatsunsa, tsirkiya ta zame masa, sauti ɗaya ya fito da ƙara, na gaba bai fito ba sam. Ya ja baya, ya sake wucewa. Bai kai bugu na ashirin ba ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin ya kashe su. Ganga ta ci gaba ita kaɗai har Auta ta tsayar da ita.

"To, Injiniya," ya ce. "Ya zauna?"

Gwaggo tana mata ido daga bayansa. Auta ba ta dube ta ba.

"Bai zauna ba, Baba. Amma wata huɗu ba ka taɓa ta ba. Ka ba shi mako biyu."

"Yanzu kika yi magana," ya ce. Rabin farko kawai ya ɗauka.

Ya kwantar da jitar a cinyarsa ya shiga sassauta tsirkiyoyin, daga mai kauri zuwa siririya, yadda ake yi wa jitar da za ta daɗe a ajiye don kada wuyanta ya lanƙwashe. Kowacce ta yi ƙasa da murya har ta koma kaɗa iska. Ya goge su da hannun rigarsa, ya ce wa Gwaggo ta mayar masa da ita sama. Gwaggo ta ce bayanta ya riƙe, ba ta sake hawa kujera yau, mai son ta hau kabad ya ɗora da kansa. Ta karɓe ta ta jingine a bango kusa da teburin guga, ta koma kicin, aka ji tana buga murfin tukunya fiye da yadda tukunya ke buƙata.

Auta ta ɗora injin a kan teburin, ta manna sabon salatif a kan maɓallin, a tsakiya, ta sa sabon kati a rakoda. Bai ce ta ɗauke ba. Ya mayar da ido kan talabijin.

Ranar Alhamis ta zo da magani. Jitar tana jingine inda aka bar ta, Gwaggo ta lulluɓe ta da tsohon mayafi, tsirkiyoyin a sake. Suka yi hirar ƙafa, da ta maƙwabcin da ya sayi kare. Da za ta tafi ta zare katin daga rakoda ba tare da ya gani ba, ta sa wani. A mota ta duba shi a kwamfuta. Babu komai a ciki.

Ta koma sutudiyo, don mawaƙiyar na jiran ta. A ƙofar titi ta tsaya ta gyara jaka a kafaɗa, ta fara hawa. Shekara shida tana jin lambar a bakinsa, ba ta taɓa bi ta duba ba. Ran nan ta ƙirga. Sittin da biyu ne.